Yadda Ake Amfani da Shimfiɗar Cikin Takalmi Don Rage Ciwon Ƙafa ga Masu Gudu, Ƙwallo da Yawan Tsayuwa

Wanda ya taɓa fama da ciwon dunduniya ya san cewa lokacin da ya fi jin jiki shi ne takun farko bayan ya sauko daga gado da asuba. Ƙafa na taɓa ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa, ya dafa bango ya ɗingisa zuwa wurin buta, kuma kafin ya kai masallaci ciwon ya fara lafawa har ya ɗauka abin ya wuce. Da yamma, bayan an tashi daga ƙwallo ko an dawo daga gudu, idan ya zauna na rabin awa ya miƙe, sai ciwon ya dawo sabo fil. Na shafe watanni bakwai a cikin wannan hali, kuma a cikinsu ne na san shimfiɗar nan da ake sakawa cikin takalmi domin tallafa wa tafin ƙafa, wadda masu shago ke kira insol. Ta taimake ni ƙwarai, amma sai da na fara yin amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba, na ƙara wa kaina ciwo a kan ciwo, kafin na gane yadda ake tafiya da ita.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa shimfiɗa mai rage nauyi ce. Aikinta shi ne ta ɗauke wani kaso na wahala daga wurin da ya gaji ta mayar da shi wani wuri, domin jijiyar da ta ji rauni ta sami sararin warkewa. Ba ta sauya siffar ƙashin babban mutum, kuma idan aka bar mata aikin ita kaɗai, ba tare da an duba takalmi, an rage yawan gudu, an kuma ƙarfafa ƙafar ba, amfaninta kaɗan ne.

Yadda tafin ƙafa ke ɗaukar nauyi

A cikin ƙafa guda akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma an jera su ne cikin siffar baka irin na maharbi. Dunduniya ita ce bakin bakan ɗaya, gindin yatsu shi ne ɗayan, sannan akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa yatsu, wadda ita ce tsirkiyar. Duk sanda mutum ya taka ƙasa, bakan yana ɗan buɗewa, tsirkiyar ta miƙe ta riƙe shi, sannan idan yatsu suka lanƙwasa zai ɗaga ƙafa, sai ta ɗaure ta mayar da bakan yadda yake. A tafiya ta yau da kullum wannan ba wani abu ba ne, amma a gudu nauyin da ke sauka a kan ƙafa a kowane taku yana kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mutum mai kilo 75 da ya yi gudun kilomita biyar ya ɗora wa kowace ƙafa wannan nauyi sau dubbai, kuma idan a kan kwalta ne ko busasshen fili irin namu na rani wanda ya yi tauri kamar siminti, ƙasar ba ta rage masa komai.

Jiki yana iya sabawa da wannan wahala idan an ba shi lokaci. Matsalar takan taso ne sa'ad da aka ƙara nauyi da gaggawa: wanda ya yi shekara bai motsa ba ya shiga gasar unguwa, ko ɗan bautar ƙasa da ya shiga sansani aka sa shi fareti safe da yamma cikin takalmin da bai saba da shi ba, ko ma'aikaciyar jinya da aka mayar da ita sashen da ake kwana a tsaye. A nan ne shimfiɗa ke da gurbi, domin tana cike ramin tafin ƙafa ta raba nauyin a kan wuri mai faɗi, tana rungumar dunduniya ta tattaro kitsen da ke ƙarƙashinta wuri ɗaya, kuma tana rage saurin da ƙafa ke karkata ciki idan an taka.

A fara da sanin inda ciwon yake

Kafin a kashe ko naira ɗaya, a zauna a ɗora ƙafar a kan gwiwa, a bi tafin da babban yatsan hannu ana dannawa har a gano ainihin wurin da ke ciwo, domin kowane wuri da irin shimfiɗar da ta dace da shi.

Idan ciwon yana ƙasan dunduniya, ɗan gaba kaɗan ta ɓangaren ciki, kuma ya fi tsanani a takun farko na safe, galibi tsirkiyar nan ce ta gaji a inda ta manne da ƙashi. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a tsakanin masu gudu da masu wuni a tsaye, kuma shi ne ke son shimfiɗa mai zurfin mazaunin dunduniya da ɗan tudu mai ƙwari a ƙarƙashin ramin ƙafa. Akwai abin da ya kamata a sani a nan, domin yana tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili: sau da yawa hoton ƙashi kan nuna wani ɗan tsiro kamar ƙaya a ƙashin dunduniya, sai mutum ya ɗauka shi ne ke sokinsa. Mutane da yawa suna da wannan tsiro ba su taɓa jin ciwo ba, kuma masu ciwon suna warkewa tsiron yana nan inda yake. Yawancin masu wannan larura suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da an yi musu tiyata ba.

Idan kuwa ciwon yana gaba ne, a tudun da ke bayan yatsu, kamar mutum ya taka ɗan dutse a cikin takalminsa, to abin da ake buƙata shi ne ƙaramin matashi mai siffar ƙwai da ake mannawa a kan shimfiɗa. A nan ne kusan kowa ke kuskure, domin hankali yana ba mutum cewa ya sa matashin daidai ƙarƙashin wurin ciwon, alhali yin haka ƙara matsi yake yi. Wurinsa yana bayan ciwon kaɗan, ta wajen dunduniya, domin ya ɗaga ƙasusuwan tun kafin kawunansu su daki ƙasa. Hanya mai sauƙi ta gano wurin ita ce a shafa ɗan janbaki ko alli a daidai inda ke ciwo, a sa ƙafa cikin takalmi ba safa a tsaya, sannan a ciro shimfiɗar a manna matashin ta yadda bakinsa na gaba zai tsaya daf da alamar. Wannan dabara tana taimaka wa wanda ke jin zafi da tsuwa irin ta wutar lantarki a tsakanin yatsa na uku da na huɗu, amma shi dole ya haɗa da takalmi mai faɗin gaba.

Ciwon agara, a bayan dunduniya, yakan sami sauƙi na ɗan lokaci idan aka ɗaga dunduniyar kaɗan, kamar milimita shida zuwa goma, a ƙafafun biyu. Ciwon da ke bin bayan idon sawu ta ciki, tare da ganin ramin ƙafar yana ƙara shafewa a kwana a tashi, alama ce ta gajiyar jijiyar da ke riƙe da bakan daga sama, kuma wannan kam a kai shi asibiti da wuri, domin idan aka yi sakaci ƙafar tana iya kwanciya gaba ɗaya.

Akwai kuma ciwukan da ba na shimfiɗa ba ne sam. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a saman ƙashi, wanda za a iya nuna shi da kan yatsa, ga kumburi, kuma yana ƙaruwa da kowane gudu, yana iya zama tsagewar ƙashi ta gajiya, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna ta. Babban yatsa da ya kumbura dare ɗaya, ya yi ja, yana zafi ko zane ya taɓa shi, yana buƙatar gwajin jini. Ciwon da ke tayar da mutum daga barci, ko wanda ya zo da zazzaɓi, ko wanda ya biyo bayan jin wani abu ya tsinke a bayan ƙafa ana cikin wasa, duk na likita ne. Mai ciwon suga kuwa kada ya sayi shimfiɗa mai tauri da kansa, domin jijiyoyin ƙafarsa suna iya rasa ji, shimfiɗar ta goge masa fata ya wuni bai sani ba, ƙaramin bororo ya zama gyambon da zai ɗauki watanni. Haka ma mai sikila, wanda raunin ƙafarsa ke jinkirin warkewa.

Game da shafaffen tafin ƙafa, ina so in yi magana a fili, domin na ga iyaye da matasa da yawa suna damuwa da shi. Idan mutum ya jiƙa ƙafarsa ya taka busasshen siminti ya ga sawunsa ya fito cikakke ba rami, amma ba ya jin ciwo, kuma idan ya tsaya a kan yatsu ramin yana bayyana, to ƙafarsa lafiya lau take, ba ta buƙatar komai. Ƙananan yara ma haka ƙafarsu take, sai a hankali ramin ke fitowa yayin da suke girma. Ciwo ake yi wa magani, kuma siffar sawu ita kaɗai ba ta isa dalilin sayen shimfiɗa ba.

Takalmin da za a saka ta ciki

Shimfiɗa mai kyau a cikin mataccen takalmi asarar kuɗi ce. A ɗauki takalmin a ajiye shi a kan tebur a dube shi ta baya. Idan ya karkata gefe guda, ya gama aiki. A matsa bayansa da yatsu biyu, wurin da ke riƙe dunduniya, ya kamata a ji shi da ƙarfi. A lanƙwasa shi, ya kamata ya karyo a wurin yatsu, tsakiyarsa ta tsaya ƙyam. A murɗa shi kamar ana matse wanki, wanda ya murɗu cikin sauƙi ba zai riƙe shimfiɗa ba. Takalmin gudu yakan rasa taushinsa bayan kimanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa yana nan kamar sabo.

Wannan ya kawo mu kan takalmin gwanjo, wanda da yawa daga cikinmu shi muke iya saye, kuma ba na ganin laifin hakan. Sai dai a sani cewa wani ya riga ya taka shi har ya ɗauki siffar ƙafarsa, don haka a juya shi a duba ƙasansa, a guji wanda gefe ɗaya ya cinye, a kuma danna soson tsakiyarsa da yatsa a ga ko yana dawowa. A je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tafi da safar da ake wasa da ita da kuma shimfiɗar idan an riga an saya, a bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Abu mafi muhimmanci shi ne shimfiɗar da ta zo da takalmin ta zama mai fita, domin sabuwar wurinta za ta maye.

'Yan ƙwallo suna da matsala ta daban, domin but ɗin ƙwallo matsattse ne, ba shi da zurfi, kuma ƙasansa ba shi da taushi. Shimfiɗar da ta zauna daidai a kambas ɗin gudu ba za ta shiga but ba tare da ta matse yatsu ko ta tura dunduniya waje ba. Su siririya ta dace da su, kuma sau da yawa gara su nemi ta daban domin but ɗin kaɗai.

Ta kanti ko ta awo

Shimfiɗa iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙera da yawa bisa lambar takalmi, ana samun ta a manyan kemis da shagunan kayan wasanni, akwai kuma wadda ake yi wa mutum shi kaɗai bayan an ɗauki siffar ƙafarsa da filasta, ko an sa shi ya taka akwatin soso, ko an auna shi da na'ura. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma mutane suna ɗauka cewa tsadar ita ce shaidar ta fi aiki.

A shekarar 2006 an buga sakamakon wani bincike da Karl Landorf da abokan aikinsa suka yi a Ostareliya a kan mutum 135 masu ciwon dunduniya. An raba su kashi uku: wasu aka ba su ta awo, wasu ta kanti, wasu kuma aka ba su siririn soso wanda ba ya tallafar komai. Bayan wata uku, masu ta awo da masu ta kanti sun ɗan fi masu soson samun sauƙi, kuma tsakaninsu su biyun babu wani bambanci na a zo a gani. Bayan shekara guda kuwa, duka kashi ukun sun yi kusan daidai. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, ga ciwon dunduniya na yau da kullum, a fara da ta kanti mai inganci. Na biyu, amfanin shimfiɗa ya fi fitowa a watannin farko, wato daidai lokacin da mutum ke son ya ci gaba da aikinsa ko wasansa ba tare da ɗingishi ba.

Wajen zaɓen ta kanti, a danna tudun tsakiyarta da babban yatsa. Wadda ta lotse gaba ɗaya taushi kawai za ta bayar, kuma irin masu santsin nan kamar roba mai ruwa a ciki suna cikin wannan sahu. Suna da daɗin takawa, suna kuma taimakon wanda kitsen dunduniyarsa ya siraice, amma ba sa riƙe baka. Wadda ta yi tauri kamar katako kuma takan gallabi mai gudu. A nemi ta tsakiya, mai ƙwari amma tana ɗan bayarwa. Sannan a ajiye ta a ƙasa a tsaya a kanta, ya kamata a ji tudun ya cike ramin ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, ba ya sukar wuri ɗaya. Benno Nigg, wanda ya shafe shekaru yana nazarin takalman wasanni a Jami'ar Kalgari ta Kanada, ya daɗe yana nuna cewa jin daɗin da mai takalmi ke samu ma'auni ne da ya kamata a ba shi muhimmanci wajen zaɓi, kuma abin da na gani a ƙafata ya yi daidai da haka. Idan aka gwada biyu ko uku, a ɗauki wadda ƙafa ta fi natsuwa a kanta, ko da mai shago ya fi yabon wata.

Ta awo tana da nata mutanen: mai ramin ƙafa mai zurfi sosai kuma sandararre, wanda ƙafarsa ta nakasa sakamakon shan inna ko tsohuwar karaya da aka ɗora ba daidai ba, mai amosanin gaɓoɓi, mai ciwon suga da ya rasa ji, da kuma wanda ya gwada ta kanti yadda ya kamata bai ga canji ba. Irin waɗannan su nemi asibitin ƙashi. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano yana da sashen ƙera gaɓoɓin roba da kayan tallafin jiki, haka ma takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, kuma likitocin gashin ƙashi a manyan asibitocin koyarwa suna iya duba takun mutum su faɗa masa abin da ya dace. A tafi da takalmin da ake wasa da shi da tsohon da ya cinye, domin yadda ƙasansa ya goge yana gaya wa mai awon abubuwa da yawa, kuma a tambaya tun kafin a biya ko gyara bayan gwaji yana cikin kuɗin, domin da wuya a yi ta awo ba a koma an rage wani wuri ba.

Saka ta da sabawa da ita

A ciro tsohuwar shimfiɗar takalmin a ɗora ta a kan sabuwar, a daidaita dunduniyoyinsu, a zana bakin tsohuwar da biro, sannan a yanke da almakashi ta wajen yatsu kawai. A rage kaɗan kaɗan ana gwadawa, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Idan ta shiga, a shafa hannu a ciki a tabbatar ta kwanta sumul, ba ta tattare a gaba ba, kuma ba ta zamewa. A saka a ƙafafun biyu ko da ɗaya ce ke ciwo, domin idan aka saka a ɗaya kawai an mayar da ƙafa guda ta fi 'yar'uwarta tsawo, kuma ƙugu da baya ne za su biya bashin.

A nan ne na yi nawa kuskuren. Ranar da na sayi tawa, da yamma na saka ta na fita gudun kilomita takwas da na saba yi, domin na ƙosa in ga ciwon ya tafi. Tun a kilomita na uku na fara jin zafi a ramin ƙafar dama, na daure na ƙarasa, kuma da na cire safa na tarar da bororo mai faɗin kwabo ya cika da ruwa a wurin da fatar ba ta taɓa sanin guga ba. Kwana goma ban iya sa takalmi sau-ciki ba, sha-raɓata kuma ta yi tsami kamar na hau dutse. Fatar ramin ƙafa laushi gare ta domin ba ta taɓa ƙasa, kuma tsokoki sun saba da wani irin taku na shekaru, don haka dole a ba su lokaci.

Ƙa'idar ita ce awa ɗaya zuwa biyu a ranar farko, cikin tafiya ta yau da kullum, sannan a riƙa ƙara awa guda kowace rana. Kada a yi gudu ko ƙwallo da ita sai an kai ga wuni da ita ba tare da an tuna tana ciki ba, wanda yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Sannan a fara da gudun minti goma zuwa goma sha biyar, a huta kwana ɗaya a ga yadda ƙafar ta kwana, a ƙara a hankali. Kowace yamma a cire safa a duba tafin a wurin haske. Ɗan ja da ya ɓace cikin minti ashirin ba komai ba ne, haka ma 'yar gajiya a ramin ƙafa da sha-raɓa a kwanakin farko. Amma jan da ya ƙi ɓacewa, ko bororo, ko mutuwar yatsu, ko sabon ciwo a gwiwa ko ƙugu, alama ce cewa shimfiɗar ta yi tudu da yawa ko takalmin ya matse, sai a cire ta a koma wurin wanda ya bayar. Idan an cika mako shida ana sa ta yadda ya kamata babu ko ɗan sauƙi, kada a sake sayen wata iri, a koma a binciki asalin ciwon.

Aikin da shimfiɗa ba za ta yi ba

Abin da ya fi kawo mini sauƙi mai ɗorewa motsa jiki biyu ne. Na farko ana yin sa ne a bakin gado tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa: a ɗora ƙafar a kan gwiwa, a kama yatsu da hannu a janyo su baya har a ji tsirkiyar ta ɗaure kamar igiyar guga, a riƙe daƙiƙa goma, a maimaita sau goma, a yi haka sau uku a rana. Na biyu ya fito ne daga wani bincike da Michael Rathleff ya jagoranta a Denmak, wanda aka buga a 2015. A naɗe ƙaramin tawul a ajiye a bakin dakali ko matakala, a ɗora yatsu a kansa dunduniya tana lilo a waje, a ɗaga jiki sama cikin daƙiƙa uku, a tsaya biyu, a sauko cikin uku. A yi sau goma sha biyu, zubi uku, kwana ɗaya a huta ɗaya. Wanda ba zai iya da ƙafa ɗaya ba ya fara da biyu, kuma idan abin ya yi sauƙi a goya jaka mai littattafai a ciki. Waɗanda suka yi wannan a binciken, tare da shimfiɗa a takalmansu, sun riga masu miƙa jijiya irin na motsa jiki na farko, waɗanda su ma ke da shimfiɗa, samun sauƙi a wata uku.

Ba dole ne a daina motsa jiki gaba ɗaya ba, amma dole a rage. Ma'aunin shi ne takun farko na washegari da safe: idan ya fi na jiya zafi, an wuce gona da iri. A mayar da wasu ranakun gudu zuwa hawan keke ko ninƙaya, a bar kwalta a koma gefen fili mai ciyawa ko ƙasa mai laushi. Bayan wasa, mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafi na minti goma yana sanyaya zafi. Ina kuma roƙon mai karatu da ya guji ɗabi'ar shan maganin kashe zafi irin su diklofenak kafin kowane wasa, domin yana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, kuma yawan shansa yana cutar da ciki da ƙoda. Allurar da ake yi a dunduniya kuwa likita ne kaɗai zai yanke hukuncinta, domin maimaita ta yana iya narkar da kitsen dunduniya ko ya tsinka jijiyar.

Lokutan da ƙafa ba ta cikin takalmi

Shimfiɗa tana aiki ne muddin ana tsaye a kanta, mu kuwa rabin wuninmu a silifa muke ko ƙafa ba takalmi: a gida, a masallaci, a zaure, a kicin. Wanda ya sa shimfiɗa na awa biyu a fili sannan ya wuni yana taka tayil da siririn silifa yana warware abin da ya saƙa. A watannin jinya a ajiye takalmi buɗaɗɗe mai kaurin ƙasa da tudun tsakiya a bakin gado, a zura shi tun takun farko. Baduku ko mai gyaran takalmi da ya iya aikinsa yana iya manna ɗan tudu a cikin takalmin fata na gargajiya idan aka kai masa shimfiɗar ya ga siffarta. Maniyyaci mai wannan ciwo ya fara shiri watanni kafin tafiya, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku a kan daɓe mai tauri, ban da ɗawafi da tafiyar Mina. 'Yan dambe da kokawa, waɗanda ba sa wasa da takalmi, su nemi likitan gashin ƙashi ya koya musu ɗaurin filasta da ke riƙe ramin ƙafa.

Bayan alwala a goge ƙafa ta bushe, har tsakanin yatsu, kafin a mayar da ita cikin takalmi, domin danshi yana kawo guga da wari da ƙaiƙayi. Kowace dare a ciro shimfiɗar ta sha iska a inuwa, a riƙa goge ta da tsumma mai ɗan sabulu, kada a jiƙa ta a bokiti. Kada kuma a shanya ta a rana ko a bar ta cikin mota a zafin bazara, domin robar tana laushi ta sauya siffa kuma gam ɗinta ya saki. Ta kanti a ƙafar mai gudu takan yi wata shida zuwa shekara guda, ta awo mai ƙashin roba tana yin shekaru, sai dai a riƙa sauya mata rufin sama idan ya goge.

Idan ciwon ya tafi, kuma an yi wata biyu ko uku ana wasa ba a ji komai ba, wanda matsalarsa ta gajiya ce kawai yana iya fara yaye ƙafarsa ta hanyar da ya saba da ita: a fara cire shimfiɗar a tafiyar gida da ta kasuwa, sannan a gajeren gudu, a bar dogon gudu da ranar wasa su zama na ƙarshe, ana ci gaba da ɗagawar nan ta kan tawul sau biyu a mako. Ni tawa na cire ta daga takalmin ofis bayan wata tara, na bar ta a kambas ɗin gudu, kuma nakan mayar da ita na mako biyu duk lokacin da na ƙara nisan gudu ko na sauya sabon takalmi.